Jirgin da Ba a Auna Ba: Kurakuran Lissafin Nauyi da Daidaito a Jiragen Sama na Haya

Tsakure

Takardar nan ta bibiyi hanyoyin da kuskure ke bi ya shiga lissafin nauyin jirgin sama da na rabon kaya a cikinsa kafin tashi. Galibin hujjojinta sun fito ne daga sakamakon binciken da hukumomin binciken haɗurran jirage na Amurka da Kanada da Faransa da Birtaniya da Ostireliya suka fitar a kan abubuwan da suka faru daga 1983 zuwa 2023. Abin da take son tabbatarwa shi ne, jirgin haya ba ya hawa sikeli kafin ya tashi, takarda ce ke tsayawa a madadin sikelin, kuma kusan duk ɓarnar da aka gani ta shigo ne ta inda adadi ke barin hannun wani ya shiga hannun wani ba tare da an sake gwada shi da abin da ke cikin jirgin ba. Ta kuma duba abin da hakan ke nufi ga kamfanonin jiragen Afirka ta Yamma.

1.0 Gabatarwa



Idan fasinja ya ga ana ɗora jakarsa a sikeli a filin jirgi, kuɗi ne ke zuwa masa a rai: ko ta wuce kilon da aka ba shi, ko za a ce ya biya rara. Ba a ga laifinsa ba, tunda ta nan kaɗai maganar nauyi ke taɓa aljihunsa. Sai dai adadin da sikelin ya nuna yana da wata tafiya da fasinja ba ya gani. Kwamfutar kamfani za ta haɗa shi da na sauran jakunkuna da na kago da na mai da na fasinjoji da na jirgin kansa, a fitar da takardar lodi, kyaftin ya sa mata hannu. Daga wannan takarda matuƙa ke ciro abu uku: gudun da za su kai kafin su ɗaga hancin jirgi, ƙarfin da za su ba injuna, da saitin da za su yi wa ƙaramin fiffiken wutsiya. Da zarar takardar ta faɗi abin da ba shi ne a cikin jirgin ba, dukkan ukun sun tashi a karkace, kuma sau da yawa ba a ganewa sai jirgi ya ci fiye da rabin titi yana gudu.

Mutane da dama, har da wasu masu aiki a filayen jirage, ba su san cewa ba a auna jirgi da lodinsa ba. Fanko ake auna shi, a rumfar gyara, sai an ɗauki shekaru. A dokar Tarayyar Turai, sau ɗaya ne cikin shekara 4 ga jirgin da ake lissafa nauyinsa shi kaɗai. Duk abin da ya biyo baya tarawa ce da ƙiyasi da yarda da maganar wani. A kan wannan yardar zan tsaya.

2.0 Abin da ake lissafawa

Tambaya biyu ce takardar lodi ke amsawa: nawa ne nauyin jirgin, kuma a ina nauyin ya taru.

Ta farko tana da iyakoki da kamfanin da ya ƙera jirgin ya gindaya: iyakar nauyi ba tare da mai ba, iyakar nauyin tashi, da iyakar nauyin sauka. Amma iyakar tashi ta kowace rana takan yi ƙasa da wadda ke rubuce a littafi, domin tsawon titi da zafin rana da tudun gari duk suna rage ta. Iska mai zafi ba ta da kauri, inji ba ya samun abin da yake so, fiffike ma haka. Jirgin da ya tashi da cikakken lodi daga Legas da asuba ba lallai ba ne ya iya tashi da lodin nan daga Kano ko Yamai da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. A Jos kuwa tudu ne ke cin nasa kason.

Tambaya ta biyu ita ce ta cibiyar nauyi, wato wurin da za a iya cewa dukkan nauyin jirgin ya haɗu. Duk wanda ya taɓa ganin babbar mota da aka danne wa baya da buhuna tana hawan tudu, gabanta na neman barin ƙasa, sitiyari ya daina jin magana, ya riga ya san matsalar. A jirgi, ana ninka nauyin kowane abu da nisansa daga wani wuri da aka ayyana, a tara, a raba da jimillar nauyi. Amsar ake bayyanawa a matsayin kashi cikin ɗari na matsakaicin faɗin fiffike. Bari in ba da misalin lissafi. Jirgi mai nauyin kilo 60,000, aka ɗauki kaya kilo 1,500 da ya kamata su shiga rumbun gaba aka zuba su a na baya, tazarar mita 16. Cibiyar nauyi za ta gusa baya da mita 0.4. Idan faɗin fiffiken ya kai mita 4, an gusar da ita kashi 10 cikin ɗari ke nan, alhali jimillar nauyin ko kilo ɗaya ba ta canja ba. Idan cibiyar ta yi gaba da yawa, hanci zai yi nauyi ya ƙi ɗagawa. Idan ta yi baya, zai ɗaga tun ba a nema ba, wutsiya ta gogi titi, ko kuma jirgin ya miƙe sama har fiffike ya daina ɗaukarsa.

Akwai abu na uku da ya ƙara wa kuskuren nauyi haɗari a zamanin nan. Kamfanoni ba sa son a tashi da cikakken ƙarfin inji idan ba dole, domin hakan na rage wa inji kwana. Saboda haka ake lissafa ƙarfin da zai wadatar da nauyin ranar a kan titin ranar, a ba inji shi kaɗai. Dabara ce mai kyau, amma ta ɗora komai a kan ingancin adadin da aka shigar.

Sannan a duba yanayin da ake wannan lissafi. Saura minti 15 a rufe ƙofa. Jami'in lodi yana da rediyo a hannu ɗaya, takarda a ɗayan. Fasinja biyu ba su bayyana ba, dole a nemo jakunkunansu a sauke. Wasu uku sun iso daga wani jirgin da ya makara. Kyaftin ya nemi ƙarin mai saboda hazo a inda za a sauka. Shugaban masu lodi ya ga rumbun gaba ya cika, ya ce wa yaransa su zuba ragowar a baya, da niyyar zai faɗa. Duk waɗannan ana shigar da su ne a matsayin gyaran ƙarshe, wani lokaci da biro a gefen takarda, ofis kuma na ta kira yana tambayar me ya tsayar da jirgi.

3.0 Nauyin da aka ƙiyasta

Ba a ɗora fasinja a sikeli. Ana ba kowa nauyin da doka ta yanke. A ƙa'idar Turai, ga manyan jirage, namiji kilo 88 ne, mace 70, yaro 35, ko kuma a ba kowane baligi 84, har da jakar hannunsa. A jirgi mai ɗaukar mutum 300 wannan yana aiki, domin ƙiba da rama suna cinye juna. A ƙaramin jirgi, ko a jirgin da fasinjojinsa duk iri ɗaya ne, ƙiyasin yakan rushe.

Ranar 8 ga Janairu 2003, jirgin Air Midwest ƙirar Beechcraft 1900D ya tashi daga Charlotte a Amurka da fasinja 19 da matuƙa biyu. Yana barin ƙasa hancinsa ya miƙe sama, matuƙan suka kasa danne shi, ya faɗo a jikin rumfar gyara a cikin filin jirgin. Dukkan mutum 21 suka rasu. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta gano abu biyu. Kwana biyu kafin haɗarin an ɗaure wayoyin da ke sarrafa wutsiyar ba daidai ba, har ikon danne hanci ya ragu da kusan rabi. Na biyu, jirgin ya wuce iyakar nauyinsa da kusan laba 580, cibiyar nauyinsa kuma ta wuce iyakar baya. Matuƙan sun yi lissafinsu, kuma lissafin ya fito daidai bisa ƙa'idar da aka ba su, wadda ta ɗauki baligi a matsayin laba 175 a lokacin sanyi. Ƙa'idar ce ta tsufa, mutane sun ƙara jiki, jakunkunansu sun ƙara nauyi. Awon da hukumar kula da sufurin jirage ta Amurka, FAA, ta sa aka yi bayan haɗarin ya nuna fasinja ya zarce ƙiyasin da kimanin laba 20, daga baya aka ɗaga adadin zuwa 190 da bazara, 195 da hunturu. Abin lura a nan shi ne jirgin ya yi tafiye-tafiye da wayoyin nan a karkace bai faɗi ba, sai ranar da lodin baya ya same shi a haka.

Tun kafin wannan, a haɗarin Arrow Air a Gander ta Kanada ranar 12 ga Disamba 1985, wanda ya ci rai 256, masu bincike sun lura cewa nauyin da aka ba sojojin Amurka da ke cikin jirgin ya yi ƙasa da nauyin soja da kayansa, ko da yake 'yan kwamitin binciken sun rabu biyu a kan ainihin musabbabin faɗuwar.

Wani lokaci kuma ƙiyasin daidai ne, rukunin da aka sa mutum ne ba daidai ba. A watan Mayu 2014, wani Boeing 737 na Qantas ya tashi daga Canberra zuwa Perth da 'yan firamare 87 zaune a baya, an shigar da su a matsayin manya. Takarda ta nuna baya ya fi yadda yake nauyi da tan 3.5 zuwa 5, aka saita wutsiya a kan haka, sai da kyaftin ya ja da ƙarfi kafin hanci ya ɗaga. A ranar 21 ga Yuli 2020 akasin haka ya faru a Birmingham. Sabuwar manhajar da kamfanin TUI ya sa ta ɗauki duk macen da aka rubuta wa laƙabin Miss a matsayin yarinya, domin a ƙasar da aka rubuta manhajar yarinya ake yi wa wannan laƙabin. Mata 38 aka ba kilo 35 maimakon 69, takardar lodi ta rage kilo 1,244. Ba wanda ya ji rauni, amma hukumar AAIB ta Birtaniya ta lissafa shi cikin manyan abubuwan da suka kusa zama haɗari.

A nan ne maganar ta shafe mu kai-tsaye. Alkaluman da kamfanoninmu ke aiki da su an auna su ne a kan fasinjan Turai da Amurka. Duk wanda ya ga alhazai suna hawa jirgin dawowa daga Jidda, ko 'yan kasuwa masu tahowa daga Dubai, ya san jakar hannun da ƙa'idar ta yi zato ba ita ce ake shiga da ita ba. Kilo 5 na rara a hannun mutum 400 tan biyu ne da ba su cikin takarda.

4.0 Kwatano, 2003

Haɗarin da ya fi kamata a koyar a kowace makarantar horon ma'aikatan jirage ta yankinmu shi ne na ranar 25 ga Disamba 2003. Boeing 727 ne na kamfanin UTA mai rajista a Gini, ya taso daga Konakiri, ya yada zango a Kwatano ta Benin, zai wuce Beirut. Galibin fasinjojin 'yan Lebanon ne mazauna Afirka ta Yamma da ke tafiya hutun ƙarshen shekara. Jirgin ya cinye titi mai tsawon mita 2,400, da ƙyar ya ɗaga, ya bugi wani ƙaramin gini na na'urorin saukar jirage da ke ƙarshen titin, ya faɗa bakin teku. Kimanin mutum 140 suka rasu.

Hukumar BEA ta Faransa, wadda ta gudanar da binciken bisa roƙon gwamnatin Benin, ta bayyana cewa jirgin ya yi lodi fiye da kima, kuma cibiyar nauyinsa ta yi gaba sosai ba da sanin matuƙa ba. Sun yi lissafi a kan tan 78, binciken ya ƙiyasta ainihin nauyin a wajen tan 85. Sun saita wutsiya a kan cibiyar nauyi ta kashi 19 cikin ɗari, alhali tana wajen kashi 14, saboda an cika rumbun gaba maƙil. Da lokacin ɗaga hanci ya yi, aka ja, hanci ya yi jinkiri.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan labari shi ne matuƙan sun san akwai matsala. Na'urar naɗar murya ta nuna suna tattauna yawan kayan tun jirgi na tsaye, suna ƙorafin ba a ba su adadi ba. An shiga jirgin cikin hargitsi, fasinjoji ɗauke da manyan jakunkuna, ba wanda ya iya faɗin takamaiman nauyin abin da aka zuba a ciki. Hatta yawan mutanen da ke cikin jirgin sai da ya zama abin bincike bayan haɗarin, domin bai yi daidai da manifes ba. Suka yi ƙiyasi, suka shirya dabarar tashi mai nauyi, suka tafi. Ba su shirya wa nauyin hanci ba, domin ba wanda ya gaya musu inda aka zuba kayan.

Rahoton bai tsaya a kan matuƙa ba. Ya ɗora alhaki a kan kamfanin da ba shi da tsari ko ƙwarewa ko cikakkun takardun aiki, da kuma hukumomin da suka yi wa jirgin rajista ba tare da sa ido ba. A ganina wannan shi ne bambancin Kwatano da sauran misalan takardar nan. A can an shigar da adadin da ba daidai ba cikin tsari mai aiki. A Kwatano babu adadin, babu tsarin, kuma babu mutum ɗaya a filin da yake jin yana da ikon cewa jirgin nan ba zai motsa ba sai an sauke kaya an auna.

5.0 Lamba ɗaya

Akwai kuma kuskuren da ke faruwa bayan masu lodi sun yi aikinsu daidai, takarda ta fito daidai.

Daren 20 ga Maris 2009, Airbus A340-500 na Emirates yana shirin tashi daga Melbourne zuwa Dubai da mutum 275. Nauyinsa tan 362.9. Mataimakin matuƙi ya buga 262.9 a kwamfutar lissafin tashi. Yatsa ne ya sauka a kan 2 maimakon 3. Kwamfutar ta yi aikinta tsaf a kan abin da aka ba ta: ta rage ƙarfin inji sosai, ta ba da gudun ɗaga hanci na jirgin da ya fi wannan sauƙi da tan 100. Ƙa'ida ta ce kyaftin ya duba, ya kuma karɓi kwamfutar don dubawa, amma ɗakin tuƙi cike yake da masu shige da fice, ana magana da hasumiya, ana magana da injiniya, aka tsallake matakin da za a gwada adadin da na takardar lodi. Matuƙa huɗu ne a ɗakin a lokacin tashi, ba wanda ya ji a jikinsa cewa gudun ya yi sanyi sai da ƙarshen titi ya matso. Da aka ja, hanci ya ɗaga amma jirgi ya ƙi barin ƙasa, wutsiya ta gogi titi. Kyaftin ya tura injuna zuwa ƙarshen ƙarfinsu, jirgin ya wuce ƙarshen titin, ya bugi fitila da eriya, sannan ya tashi. Suka zubar da mai a kan teku suka dawo, ba wanda ya ji rauni.

Me ya sa 262.9 bai ba kowa mamaki ba? Hukumar ATSB ta Ostireliya ta ba da amsar da ta dace a yi tunani a kanta. Matuƙan suna tuƙa A330 da A340 iri daban-daban, yau tafiya gajera, gobe doguwa, nauyin tashinsu yana kaiwa da komowa a tazara mai faɗi ƙwarai. Adadin ya yi kama da wanda suka saba gani a wani jirgin. Ga dare, babu abin da ido zai auna gudu da shi sai fitilun gefen titi.

Ba a kansu aka fara ba, ba a kansu aka ƙare ba. Ranar 12 ga Maris 2003 a Auckland, matuƙan Boeing 747 na Singapore Airlines sun rubuta tan 247.4 maimakon 347.4, suka gogi wutsiya. A watan Mayu 2015 a Paris, Boeing 777 na kago na Air France ya yi lissafi da tan 243 maimakon 343. Tan 100 cif a dukkan ukun, kuma a lambar farko.

Wanda ya zo da ajali shi ne na Halifax a Kanada, ranar 14 ga Oktoba 2004. Boeing 747 ne na kago na MK Airlines, mai rajista a Gana, an yi masa lodin kifi da sauran kayan teku zuwa Zaragoza ta Sifaniya. Binciken hukumar TSB ta Kanada ya nuna cewa, bisa dukkan alamu, kwamfutar lissafin ta riƙe nauyin tashin da ya gabata daga filin Bradley a Amurka, kimanin tan 240, alhali yanzu jirgin ya kai wajen 353. Ya kasa tashi, wutsiyarsa ta bugi tudun ƙasa da ke bayan titi ta ɓalle, dukkan ma'aikata 7 suka rasu. Sun shafe kusan awa 19 a bakin aiki, kuma kamfanin bai ba su horo na sosai a kan manhajar ba.

Ko da mutum bai yi kuskure ba, manhaja na iya yi masa. Ranar 26 ga Janairu 2023, jirage biyu na Alaska Airlines sun gogi wutsiya a Seattle 'yan mintoci tsakani, saboda wata manhaja da aka sabunta tana aiko wa matuƙa nauyin da ya gaza na gaskiya. Kamfanin ya tsayar da tashin dukkan jiragensa na ɗan lokaci har aka gano bakin zaren. Sai kuma rikicin ma'auni, wanda misalinsa mafi shahara shi ne Boeing 767 na Air Canada a watan Yuli 1983: ana buƙatar mai kilo 22,300, aka yi lissafi da laba, jirgin ya tashi da abin da bai kai rabi ba, mai ya ƙare a sama, ya sauka ba inji a Gimli. Ga kamfanin da ya sayo tsohon jirgi mai agogon laba daga Amurka, yana sayen mai da lita, yana auna kaya da kilo, wannan labari bai tsufa ba.

6.0 Kaya a inda ba a rubuta ba

Nan ba sai na daɗe ba. A Miami ranar 7 ga Agusta 1997, an canja wa DC-8 na Fine Air tsarin lodi, aka tura kaya baya ba a gyara takarda ba, mutum 5 suka rasu. A Bagram ta Afganistan ranar 29 ga Afrilu 2013, motocin sulke biyar ne a cikin Boeing 747 na National Airlines, ɗaurin bai isa ba, ta ƙarshe ta kwance a lokacin tashi ta fasa bangon baya ta lalata na'urorin sarrafa wutsiya, mutum 7 suka rasu. A Luton ta Ingila a watan Janairu 2020, Wizz Air ya maye gurbin A320 da A321 wanda ya fi shi tsawo, labarin bai isa ga masu raba kujeru ba, fasinjoji suka taru a gaba, baya fanko. Canjin jirgi a kurarren lokaci yana cikin biyu daga ukun nan, na Miami da na Luton.

7.0 Inda ya kamata a sa hannu

Maganin da aka fi ambata shi ne mutum biyu su duba. Misalan da suka gabata sun nuna iyakarsa. Idan na biyu yana karanta abin da na farko ya rubuta ne, ido yakan ga abin da yake sa ran gani. Dubawar da ke kama kuskure ita ce wadda kowane matuƙi zai ɗauki adadi daga takardar lodi da kansa, ya yi lissafi a tasa kwamfutar ba tare da jin amsar ɗan uwansa ba, sannan a gwada amsoshin. Haka a ƙasa: shugaban masu lodi ya faɗi abin da ya ƙirga a kowane rumbu da idonsa, kada a karanto masa tsari ya ce haka ne. Kuma a hana kowa shiga ɗakin tuƙi a mintocin da ake wannan lissafi, ko da manajan tasha ne.

Na biyu, na'ura. Bayan Halifax, TSB ta ba da shawarar a tilasta sa na'urar da za ta auna yadda jirgi ke ƙara gudu a kan titi ta gwada da abin da lissafi ya yi alkawari, ta yi gargaɗi tun da sauran damar tsayawa. ATSB, wadda ta tattara irin waɗannan kurakurai 31 daga 1989 zuwa 2009, ta nuna cewa ba su bar wani kamfani ko wani irin jirgi ba. Airbus ya sa irin wannan na'ura a A380 da A350. Amma yawancin jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Abuja da Yamai da Akara tsofaffin ƙira ne da ba su da ita, kuma za su daɗe suna aiki. Mu dai a kan mutane da tsari za mu dogara na wani lokaci mai tsawo.

Na uku, awo. Air New Zealand da Korean Air sun auna fasinjojinsu a 2023, Finnair a 2024, don sabunta alkalumansu, ba tare da bayyana nauyin kowa ba. Babu abin da ya hana hukumomin kula da sufurin jirage, NCAA a Nijeriya da ANAC a Nijar, neman kamfanoni su yi haka, a ware hanyoyin cikin gida da na aikin hajji da na fatauci, kowanne da nasa adadin. Ga jiragen da ba su wuce kujera 19 ba, da jiragen shata masu ɗaukar sojoji ko 'yan wasa ko ɗalibai, ra'ayina a auna kowa da jakarsa. Na san za a ce fasinja zai ji kunya, musamman mata da manyan mutane. Sikelin da allonsa ke fuskantar jami'i kaɗai ya magance wannan.

Saura batun sa ido, wanda shi ne ya faɗi a Kwatano. Mai duba daga hukuma yakan karɓi takardar lodi ya ga an cike ta, an sa hannu, alkaluma suna cikin iyaka, ya mayar. Wannan yana tabbatar da cewa takarda ta yarda da kanta ne kawai. Gwajin da zai nuna gaskiya ba shi da tsada: a zaɓi jirgi ba sanarwa a lokacin da ya sauka, a tsayar da kayan kowane rumbu daban, a ɗora su a sikeli, a ƙirga fasinjoji bisa sashen da suka zauna, a ajiye sakamakon kusa da takardar da kyaftin ya sa wa hannu a tashar da ya baro. Idan aka samu tazara, tambayar farko ta tafi ga kamfani da wakilinsa mai yi masa lodi, a ga wa ya ba da umurnin rufe ƙofa da kuma minti nawa aka ba jami'in lodi ya kammala aikinsa.